An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan uwana mata, akwai wata magana da ta shekara fiye da hamsin tana yawo a duniya, wai mace ce ta raba Beatles. Ga wadda ba ta san su ba, Beatles wasu samari ne huɗu 'yan garin Libaful ta ƙasar Ingila, John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, masu kiɗan da Turawa ke kira rok, wato na jita da ganguna. Daga 1963 zuwa 1970 babu mawaƙan da suka kai su suna da kasuwa a faɗin duniya. Da suka watse, aka shiga kotu, aka yi ta habaici, sai jama'a suka waiga suna neman wanda za su ɗora wa laifi, idonsu ya faɗa kan Yoko Ono, 'yar ƙasar Japan, matar da John ya aura a watan Maris na 1969. Har ta kai sunanta ya zama abin zagi, duk macen da ta shiga tsakanin abokai sai a ce ga Yoko nan.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani fim mai suna Get Back, wanda Peter Jackson ya fitar a 2021. Ba fim ne na wasan kwaikwayo ba. Ainihin hotunan da aka ɗauka ne a watan Janairu na 1969, lokacin da mutanen nan huɗu ke zaune suna haɗa sababbin waƙoƙi. Hoton da aka ɗauka ya kai na kusan awa 60, shi kuma ya tace ya fitar da kusan awa 8 a kashi uku. Tsawon kam ya yi yawa, uwargida mai girki da raino sai dai ta riƙa gutsura kaɗan kaɗan. Amma na ce a daure a kalla, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan mutum zai ga abin da idonsa ba ji ya yi a bakin 'yan tsegumi ba.

To me ido ke gani? Yoko na nan kuwa, kullum tana manne da John, gefensa take zama kamar an ɗinke su. Amma me take yi? Karatun jarida, duba wasiƙu, ɗan ɗinki, cin abinci. Ba ka jin ta ce a sauya waƙa kaza ko a kori wane. Kuma ba ita kaɗai ke zuwa ba, Linda da Paul ke nema tana zuwa har da ƙaramar 'yarta, matar Ringo ma ta leƙo. Wanda ya yi fushi ya ajiye jita ya fice ranar 10 ga Janairu shi ne George, kuma abin da ke cin sa a rai ya daɗe: John da Paul sun mayar da shi ƙaramin ƙane, a faifai guda yawanci ba a ba shi fili sai na waƙa ɗaya ko biyu, ga Paul da yawan gyara masa hannu kamar ɗan koyo. Sai da aka yi ta lallashi kwanaki kafin ya dawo. Kafin shi ma Ringo ya taɓa yin yaji na kusan mako biyu a 1968. Har akwai wurin da Paul da bakinsa yake raha, yana cewa nan da shekara hamsin abin dariya zai zama a ce wai sun rabu don Yoko ta zauna kan akwatin lasifika. Ga shi kuwa hakan aka yi ta faɗa, ba da dariya ba.

Ba ina cewa matar nan ba ta da nata ba ne. Zaman da take yi a wurin aikin maza huɗu da suka saba kulle ƙofa su kaɗai ya takura su, ko wace ce a cikinmu ta san baƙon da bai san lokacin tashi ba. Kuma duk mace mai zuciya za ta tausaya wa Cynthia, uwargidan John, wadda aka saki a 1968 aka bar ta da yaro ɗan shekara biyar. Sai dai a nan ma ina tambaya, wa ya yi sakin? Wa ya kawo Yoko wurin aiki ya ce ba inda za ta? Namiji ne baligi mai hankalinsa. Amma da yake duniya ta fi jin daɗin tauna naman mace, sai aka wanke shi tas aka ce asiri aka yi masa, jaridun Ingila kuma suka haɗa mata da gorin launin fata da na ƙasa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Beatles kuwa ya tsage tun watan Agusta na 1967, lokacin da manajansu Brian Epstein ya rasu yana da shekara 32. Shi ne maɗaurin tsintsiyar. Shi ke riƙe lissafi, shi ke raba gardama, su nasu kiɗa kawai. A cikin fim ɗin ma za ki ji suna ambatonsa da girmamawa kamar marayun da suka rasa uba. A wannan shekara ta 1967 suka sa hannu a wata yarjejeniya ta shekara goma, wadda ta ce duk abin da suka samu, in ban da ladan rubuta waƙa, tukunya ɗaya zai shiga. Ko da ɗaya ya fita ya yi faifansa shi kaɗai, kuɗin na kowa ne. Lokacin da ake ɗasawa wannan ba komai ba ne. Ranar da zuciya ta ɓaci kuwa, sai ya zama igiya a wuyan kowa.

Daga nan suka kafa kamfaninsu mai suna Apple, suka buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da tatsuniya, kuɗi suka riƙa zuba kamar an huda tulu. Da suka farga suna buƙatar mai riƙe musu dukiya, a nan aka rabu biyu. John ya kawo wani Ba'amurke mai suna Allen Klein, George da Ringo suka bi shi, suka sa hannu a watan Mayu na 1969 a kan zai ɗauki kashi 20 cikin 100. Paul ya ce bai yarda da mutumin ba, shi surukinsa yake so, Lee Eastman, lauya, mahaifin Linda. Sauran ukun suka ce ina, ai ba za mu miƙa wa surukinka makullin rumbunmu ba. Ku duba fa, uku a gefe guda, ɗaya a gefe guda, kuma abin da ake ja a kansa shi ne wa zai riƙe jaka. A shekarar dai aka sayar da kamfanin da ke da mallakar waƙoƙin John da Paul ga wasu 'yan kasuwa, suka yi ta fafutikar ƙwatowa suka kasa. Waɗannan waƙoƙin ne Michael Jackson ya saye a 1985, cikin wani ciniki na dala miliyan 47 da rabi.

A nan ne nake da ƙorafi a kan fim ɗin. Ƙololuwarsa, dab da ƙarshensa, ita ce ranar 30 ga Janairu 1969, ranar da suka hau rufin ofishinsu a Landan suka yi wasa har 'yan sanda suka zo suka tsayar. Kowa na murmushi, mai kallo ya tashi da sanyin zuciya. Klein kuwa sunansa kawai ake ji, John na ta yabonsa kamar ya tsinci dami a kala. Wato an sauke labule daidai inda rigimar za ta fara. Ba abin mamaki ba ne, domin Paul da Ringo da Yoko da matar marigayi George suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin fim ɗin, kowa kuwa ya san in dangi za su ba da tarihin gidansu, ba sa fara shi daga ranar rabon gado. Fim ɗin ya wanke Yoko, wannan ya kyauta. Amma bai nuna mana jakin ba, ya dai ce a daina dukan taiki. Wadda ta kalle shi kaɗai za ta tashi tana tambaya, to in haka suke son juna me ya raba su?

Ga abin da ya biyo baya. A watan Satumba na 1969 John ya faɗa musu a asirce cewa shi ya fita, aka roƙe shi ya yi shiru saboda kasuwa. A watan Afrilu na 1970 Paul ya fito fili ya nuna an gama, sai duniya ta ce shi ne ya fasa. Ranar 31 ga Disamba 1970 ya shigar da ƙarar abokansa uku a babbar kotun Landan, yana neman a warware tarayyar, domin lauyoyi sun nuna masa ba shi da hanyar kuɓuta daga Klein sai ta kansu. A watan Maris na 1971 alƙali ya ba shi gaskiya, ya naɗa wakili ya riƙe dukiyar. Amma ba a kammala rabuwa a takarda ba sai Janairu 1975. Shekara huɗu cur lauyoyi na ci.

A tsakanin nan kuma sai habaici, irin wanda ake cewa halin kishiyoyi ne. Paul ya saka zambo a faifansa na 1971, John ya mayar masa da waƙa sukutum mai suna How Do You Sleep, yana nuna cewa Paul bai taɓa tsinana abin kirki ba, George kuma ya kaɗa masa jita a ciki. Mutanen da suka taso tare tun suna 'yan makaranta, suka kwana ɗaki ɗaya a garin Hambug lokacin da ba su da ko sisi, su ne ke tona wa juna asiri a kasuwa, kowa na saye yana saurare. Ko a 1988 da aka karrama Beatles a Amurka, Paul ƙin zuwa ya yi, ya ce akwai sauran rigimar kuɗi tsakaninsu.

Shi kuwa Klein, biri ya yi kama da mutum. A 1973 mutum ukun da suka tsaya masa suka sallame shi, aka koma kotu da shi, John da kansa ya yarda cewa mai yiwuwa zargin Paul na da tushe. Sai a 1977 aka sasanta bayan an biya shi miliyoyin daloli, kuma ku ji wadda ta zauna ta yi cinikin sulhun: Yoko. Daga baya ma ita ce ta miƙa wa Paul kasakasan da John ya bari, a 1994, bayan an harbe mijinta a Niyok ranar 8 ga Disamba 1980. Daga cikinsu aka fitar da waƙar Beatles ta ƙarshe a 2023. A 2012 Paul ya faɗa a wata hira cewa ba ita ta raba su ba, dama can sun kama hanyar rabuwa. To amma kafin nan ta riga ta sha zagin shekara arba'in, wa zai biya ta?

Abin da ya sa labarin mutanen Ingila ya tsaya mini a rai shi ne mun san irinsa. Wa da ƙane na kasuwa a rumfa ɗaya, ba littafi ba rasit, kowa na zura hannu a aljihu ɗaya, an ce ai 'yan uwa ne, lissafi rashin yarda ne. Shekara goma ana tafiya ana haɗiye ƙorafi. Ranar da ɗaya ya yi aure ya ce a ware masa nasa, shi ke nan, amarya ta zo da farar ƙafa, ta raba zumunci. Surukai su ɗaure mata fuska, dangin miji su daina cin tuwonta, alhali yarinyar ko hanyar rumfar ba ta sani ba. Abin takaici kuma, mu mata mu ne kan gaba wajen yaɗa zancen a gidan biki da gidan suna. Littattafai da finafinai ma sun fi son wannan labarin, domin muguwar mata ta fi saurin sayuwa a kan lissafin da ba a rubuta ba.

Don haka 'yar uwa, in kin ji an ce wance ta raba wane da wane, kafin ki ce uhm ki tambaya tukuna: wa ke riƙe kuɗin, me aka rubuta, wa aka daɗe ana dannewa? In kuma maigidanki na haɗaka da ɗan uwansa ko amininsa, ki ba shi shawara cikin ladabi su zauna su rubuta na kowa tun ana dariya, su kuma rubuta yadda za a rabu in rabuwar ta zo. Ko ke da ƙawarki kuke adashi ko sana'ar ɗinki tare, haka ne. John da Paul sun koma gaisawa kafin mutuwa ta raba, sukan yi waya, Paul yakan leƙa gidansa. Amma shekarun da kotu da habaici suka cinye ba su dawo ba, kuma mutum huɗun nan ba su sake haɗuwa a ɗaki ɗaya sun yi kiɗa ba har John ya bar duniya.

Allah ya raba mu da ɗora wa wani laifin da bai ji ba bai gani ba.