Ƙofar da Ba Ta da Mai Gadi: Yadda Manhajar Rahoto ke Miƙa Faramita ga Rumbun Bayanai

Duk rahoton da akanta ko manaja zai fitar daga kwamfuta, na albashi ne ko na ciniki, da wasu 'yan akwatuna yake farawa a saman allo: daga wace rana zuwa wace rana, wane reshe, wane kaya. Abin da aka cika a cikinsu shi masu sana'ar ke kira faramita. A tsarin da ofisoshi da yawa ke bi, manhajar rahoto ba ita ke yin lissafin ba. Karɓar abin da aka cika take yi, ta miƙa shi ga rumbun bayanai, inda wani ajiyayyen umarni ke jira, wato jerin umarnin SQL (yaren da ake yi wa rumbu tambaya da shi) da aka rubuta tun da wuri, aka raɗa masa suna, aka bar masa guraben da za a riƙa cikewa. A ganina a wannan miƙawar ce gaskiyar rahoto ke tsayuwa ko ta karye, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin ta faɗo tsakanin mutum biyu. Mai zana rahoto yana ganin aikin mai kula da rumbu ne, shi kuma mai rumbu yana ganin na mai rahoto ne.

Al'adar tana da hujja. Sybase ce ta yaɗa ajiyayyen umarni tun shekarun 1980, kuma daga jikinta SQL Server na Microsoft ya fito a 1989. Manhajar rahoto ta Crystal Reports, wadda yanzu take hannun SAP, ta shiga ofisoshi tare da Visual Basic a shekarun 1990, sannan Reporting Services ta Microsoft ta zo a 2004. Dukkansu biyun idan aka nuna musu ajiyayyen umarni, su da kansu suke karanto gurabensa su ƙera akwatunan tambaya. Amfanin a fili yake: lissafin riba yana zaune wuri ɗaya, rahoto goma ba za su ba da amsa goma ba, kuma ana iya ba ma'aikaci izinin kiran umarnin ba tare da an buɗe masa teburan bayanai ba. Ina goyon bayan wannan tsari. Abin da ke damuna shi ne yadda sauƙin farawa ke ruɗar mutane su ɗauka an gama.

A ɗauki zaɓin abu fiye da ɗaya. Reporting Services ta kawo shi a fitowarta ta 2005: mutum ya zaɓi Kano da Katsina da Zariya a akwati ɗaya. To amma gurbin ajiyayyen umarni ƙima ɗaya yake karɓa. Sai manhajar ta haɗe sunayen da waƙafi ta aika su a matsayin zance guda. Rumbu kuwa ya shiga neman reshen da sunansa gaba ɗaya shi ne "Kano,Katsina,Zariya", bai samu ba, ya dawo da farar takarda ba tare da ya ce an yi kuskure ba. Shekaru masu rubuta umarni suna ƙera nasu dabarun tsattsaga wannan zance, har Erland Sommarskog, wani masanin SQL Server ɗan Suwidin, ya yi dogon rubutu a kan hanyoyin da ake bi. A 2008 SQL Server ya fara karɓar tebur sukutum a matsayin faramita, amma Reporting Services, manhajar rahoton gidansu, ba ta aika shi kai tsaye. Sai a 2016 aka samu STRING_SPLIT mai yin tsattsagawar. Ko da shi ma, sunan kamfani ɗaya mai waƙafi a tsakiya ya isa ya rabe gida biyu ya ɓace daga lissafi. Shi ya sa gwanaye lambar reshe suke aikawa, sunan kuwa don idon mai karatu kawai.

Daga nan ne jarabar ke shigowa. Mai rubutu ya gaji da tsattsagawa, ko manaja ya ce yana son akwati takwas kuma kowanne a iya barinsa fayau, sai ya yanke shawarar ɗinka umarnin a lokacin gudu: ya liƙa abin da aka cika a jikin zancen SQL, ya ce rumbu ya zartar. Nan take bambanci tsakanin ƙima da umarni ya gushe. Duk wanda ya san inda zai sa alamar ɗauka ɗaya a akwatin suna zai iya rufe zancen mai rubutu ya buɗe nasa. Tun Disamban 1998 Jeff Forristal ya bayyana wannan hari a mujallar Phrack. A 2015 ta irin wannan ɓaraka aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. Har yau akwai masu cewa ai tunda ajiyayyen umarni suke amfani da shi sun tsira. Ba su tsira ba, muddin a cikinsa liƙe-liƙe ake yi. Maganin kuwa tsoho ne: sp_executesql yana barin a ɗinka siffar tambayar yadda ake so, ƙimomin kuma su bi tasu hanyar daban a matsayin faramita. Sunan tebur ko na shafin da za a jera sakamako da shi ba ya bin wannan hanya, don haka dole a gwada shi da jerin sunayen da aka yarda da su kafin a liƙa.

Akwai kuma ciwon da ba ɓarawo a cikinsa. Karon farko da aka kira umarni, SQL Server yana leƙa ƙimar da aka aiko, ya tsara hanyar nema da ta dace da ita, ya adana don gaba. Tamkar tela ne da ya auna yaron da ya fara shigowa da safe, ya ci gaba da yanka wa kowa da wannan awon har yamma. Idan ƙaramin reshe mai layi ɗari ne ya fara kira, babban reshe mai layi miliyan zai gaji hanyar da ba tasa ba, rahoton da jiya ya fito cikin daƙiƙa biyu yau ya tsaya cak. Mai rahoto ya ɗora laifi kan intanet, mai rumbu ya gwada a tagarsa ya ga lafiya lau, domin saitin haɗinsa daban ne kuma sabuwar hanya aka tsara masa. Umarnin RECOMPILE yana sa a sake awo kowane karo, kuma ga rahoton da ake bugawa jefi-jefi wannan kuɗi ne mai araha. Fitowar SQL Server ta 2022 ta fara adana hanya fiye da ɗaya ga tambaya guda, sai dai ba kowace irin tambaya take shafa ba.

Kwanan wata ya fi shafar mu kai tsaye. A Nijeriya da Nijar rana muke fara rubutawa, a Amurka wata. Idan kwanan ya tafi a matsayin rubutu, 03/04 na iya zama uku ga Afrilu a allon akanta, ya zama huɗu ga Maris a rumbun da aka bari da saitin Amurka, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa sai ranar ta wuce 12. Haka nan "zuwa 31 ga wata" a wurin rumbu tsakar daren da ya buɗe ranar ne, sai cinikin yinin ƙarshe duka ya zube. Daidai shi ne a ce ƙasa da 1 ga watan gaba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne faramitar da ke cewa wane ne mai tambaya. Ana yawan ɓoye akwatin reshe don kowane manaja ya ga nasa kaɗai. A Reporting Services ɓoyayyar faramita ana iya canza ta daga adireshin shafi. Wadda aka ayyana ta cikin gida ce kawai ba a iya taɓawa daga waje. Manajan da ya sauya lamba ɗaya a adireshi zai ga albashin wani reshe. Ko wane ne mutum, rumbu ya kamata ya tantance daga shaidar shigarsa, kuma tun 2016 SQL Server yana da tsaron da ke tace layuka bisa wanda ya shigo. Sharaɗinsa shi ne rahoton ya isa rumbu da sunan mai buga shi, alhali ofisoshi da dama da asusu ɗaya na gama-gari suke haɗa dukkan rahotanninsu.