Garaji ya ci zaure

A unguwar Birni ta Damagaram, zaure ne fuskar gida: nan ake tarbar baƙo, haske kuwa daga tsakar gida yake shiga ɗakuna. Sababbin gidajen Maradi da Yamai da dama sun miƙa wa mota wannan matsayi. Garaji ya tare gaba, ɗakuna sun cinye tsakar gida, manyan tagogi na fuskantar yamma, dole a saki labule a kunna fitila da rana tsaka. Gidajen Niamey 2000, da Mariam Kamara da abokan aikinta suka kammala a 2016 da tubalin ƙasa, sun shaida cewa ƙarancin fili ba ya hana tsakar gida. Mai niyyar gini ya duba mafitar rana da mafaɗarta kafin ya auna faɗin mota.