Gargaɗin Malam Sa'adu da Gaggawar Manya

'Yan makaranta, in kun sami waƙar Malam Sa'adu Zungur mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, kada daɗin amsa-amonta ya ɗauke muku hankali. Ku duba wa ake yi wa magana. Sarakuna da masu hannu da shuni yake jan kunne, cewa su gyara mulki tun da sauran rana, kada abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947 ya same su.

Mu mutanen Daura mun fi kowa gane wannan. Gidan sarautarmu ya rasa gari a zamanin jihadi, reshensa ya zauna Zango, sai bayan kamar shekara ɗari Turawa suka komo da Malam Musa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To, manya sun ji? Sun ji, amma da kunne ɗaya. Da 'yan NEPU suka taso a Kano a 1950, suka fara cin zaɓe, nan da nan a 1951 aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa. Ba a yi nawa ba ko kaɗan. Amma a 1953, da aka kawo batun mulkin kai a majalisar Ikko, sai wakilan Arewa suka ce a dakata sai lokacin da ya dace. Gyaran kotun alƙali da karɓar haraji kuwa, tafiyar hawainiya aka yi masa.

A nan ne nake ganin waƙar ta gaza, ko da yake ba ƙaramin malami nake yi wa gyara ba. Ta fi dogara ga tsoro, tsoron rasa rawani da tsoron rinjayen Kudu. Mai dukiya in ya tsorata, katangar gidansa yake ƙara wa tsawo, ba ya tuna rijiyar unguwa. Da manomin gero na ƙauyen Baure ya sami wuri babba a cikin baitocin, da hujjar ta fi ƙarfi.

Kuma guguwar ba ta fito ta inda Malam ya zata ba. Ya rasu a 1958. Soja ne, bayan 1966, shekarar da Sarki Abdurrahman ya rasu Muhammadu Bashar ya gaje shi, suka raba sarakuna da kotu da 'yan doka da gidan yari.