Jinjina ga Alhaji Aminu Ɗantata

Attajirai ba su yi ƙaranci a Kano ba, amma ba kowa ake yi wa addu'a a gadon asibiti ba. Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata, haifaffen 1931, ya gaji kasuwancin gyaɗa na mahaifinsa, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da man fetur. Aikinsa da ya fi taɓa ni shi ne cibiyar wankin ƙoda da ya bayar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san yadda cutar ke cinye gida. Da ambaliya ta auka wa Maiduguri a 2024, ya ba da naira biliyan 1.5. Ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina. Allah Ya gafarta masa.