Zoɓo daga Iyakar Gona: Nazari kan Wata Sana'ar Kaka a Ƙasar Zakirai

A Faransa da Italiya, idan kakar inabi ta zo a watan Satumba, magidanta kan kwashi iyali su nufi ƙauyukan da ake nomansa, su ga yadda ake tsinka, a matse, a zuba ruwan a ganga. Abin da suke yi da ruwan daga bisani giya ne, wadda addininmu ya haramta, kuma ba ita ce ta kawo mu ba. Abin dubawa shi ne yadda suka ɗaure sunan gari a jikin abin da gari ya noma. Tun 1935 Faransa ta yi dokar da ta hana a kira abin sha da sunan wani yanki, kamar Shamfen, sai in a can aka nome shi aka sarrafa shi.

Mu ma muna da jan abin sha da ƙasarmu ke bayarwa, muna kuma da tafiyar iyali a lokacin girbinsa, sai dai ba mu taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. Hutun makaranta na Disamba yakan faɗo daidai lokacin cirar zoɓo, kuma 'yan Zakirai mazauna birnin Kano sukan bi hanyar Gezawa su kai yara gida.

Zakirai ce hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, tana cikin karkarar nan da ta kewaye Kano inda gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta. Wani mai bincike, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, yana neman sanin yadda ƙasa ɗaya ke ciyar da jama'a masu yawa haka ba ta mutu ba. Amsar tana cikin taki da kuma haɗa shuka: gero da dawa, wake da gyaɗa a tsakaninsu. A irin wannan gona yakuwa ba ta samun tsakiya. Gefe ake ba ta, ta zama shaidar iyaka tsakanin maƙwabta, kuma sau da yawa amfaninta na matan gida ne.

Duk da haka babu abin yarwa a jikinta. Da damina ana tsinkar ganyen a yi miya ko a zuba a fate. Irin, wato gurguzu, da shi ake daddawar batso. Shi kuwa zoɓo, yaron birni yakan ɗauka fure ne. Furen yakan buɗe ya bushe ya faɗi. Jan ƙoƙon da ke rungume da kwanson iri shi ne ke kumbura ya yi tsoka, shi ake ɓarewa.

A wajen ɓarar nan ilimin yake. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a jibge rassan, mata da yara su kewaye. Kwanson yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, kafin azahar yatsu sun yi ja sun fara zafi. Nan za ka ji tsohuwa tana tsokanar jikanyarta: "Ke kishiya, haka za ki riƙe mini miji da wannan hannun na 'yan birni? Raba shi biyu, kar ki farfasa." Cikin wasan jika da kaka yarinya ta koyi cewa wanda aka ɓare da girmansa ya fi daraja a kasuwa, wanda aka shanya a ƙasa yakan kwashi yashi, wanda kuma aka ɗure a buhu bai gama bushewa ba zai yi fumfuna. Hunturu na taimakawa, iskarsa busasshiya ce, amma ƙura take tafe da ita.

Dahuwar ba ta da wuya: a wanke, a tafasa ko a jiƙa, a sa citta da kanumfari, wasu da ɓawon abarba, a tace, a zuba sukari. Masu sa kanwa don kashe tsami sun san launin zai koma duhu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sanin iyaka. Zoɓon da aka sa wa sukari, in ya daɗe cikin zafi babu sanyi, zai fara kumfa, warinsa ya sauya. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke cinye sukarin suna mai da shi barasa, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu giyar inabi ke nema da gangan. Matan karkara ba su karanta wannan a littafi ba, amma da an ce "ya tashi" sai a zubar. Malaman fiƙihu ma a nan suka ja layi game da jiƙon dabino da zabibi: halal ne muddin bai kai ga sa maye ba.

To ina matsalar take? Zoɓo ya zama kayan fitarwa waje. Daga kasuwannin ƙauye yake taruwa a Dawanau da Maigatari, a tankaɗe, a cika kwantena, mafi yawa zuwa Meziko, inda suke shan sa kamar yadda Misirawa ke shan karkade, Sanagal kuma bisaf. Kuɗi sun shigo, har maza sun fara ba shi gona sukutum. Amma da buhu ya hau mota, sunan garin da ya fito ya ɓace. Na Gabasawa da na Gumel da na Damagaram duk sun cakuɗe, mai saye a ƙetare bai san bambanci ba, saboda haka matar da ta shanya nata a tabarma mai tsabta kuɗinta ɗaya da wadda ta baza a ƙasa. Gyaɗa ta bi wannan hanya a da. Layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Zakirai ya yi ta kwasar ta ɗanya, aka yi dala a Kano, da cuta ta faɗa mata a 1975 sai aka tarar ba a bar wa manomi komai ba.

A birni kuma abin ya fi ban takaici. Zoɓon leda da na gora da ake sayarwa a bakin makarantu, da yawansa garin ɗanɗano da kala sun rufe shi, har yaro bai san asalin tsamin zoɓo ba.

Ba sai an jira gwamnati ba. Ƙungiyoyin mata a Gabasawa za su iya ware nasu mai kyau, su ƙulla da sunan garinsu, su sa masa farashinsa. Kai kuma mai iyali a birni, in hutun Disamba ya zo, kada yaran su ƙare a ɗaki da waya a hannu. Ka zaunar da su a tabarmar ɓara.