Tsokaci a Kan Ganɗoki da Abin da Sabon Marubuci Zai Koya Daga Gare Shi

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga cikin littattafan da suka fito a sakamakonta akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Wannan na ƙarshe shi za a duba a nan, domin darasin da ke cikinsa ga yaranmu masu sha'awar rubutu.

Duk wanda ya karanta Ganɗoki a tsanake zai lura littafin ya rabu gida biyu. Kashin farko ya ƙunshi zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kwantagora a 1901. A nan alƙalamin malamin yana da ƙarfi ƙwarai. Sunayen garuruwa da kayan yaƙi da kirarin mazaje duk sun zauna daram, saboda ƙasar haihuwarsa ce, kuma ya tashi a cikin mutanen da abin ya faru a kan idonsu. Amma da tauraron ya nufi gabas ya faɗa duniyar aljannu, sai labarin ya saki. Ana ta sara da suka, amma mai karatu bai san inda yake tsaye ba. Wasu manazarta na ganin wannan kashi ya fi armashi. Ni dai a ganina shi ne raunin littafin.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani rubutu da wani matashi ya kawo mini in duba masa. Labarin soyayya ne da ya ce ya faru a zamanin Sarkin Kano Alu, wato tsakanin 1894 da 1903. Hausarsa ba laifi. Sai dai a shafi na uku an biya sadaki da sulalla, alhali wuri ake kashewa a lokacin, can gaba kuma amarya ta hau jirgin ƙasa, wanda bai iso Kano ba sai 1911. Da na tambaye shi wa ya tuntuɓa, sai ya ce ai ƙagaggen labari ne. To, mutanen ne ƙagaggu, garin da zamanin na jama'a ne, kuma akwai masu riƙe da tarihinsu.

Don haka shawarata ga mai son rubutu, ya mallaki ɗan littafi ya riƙa yawo da shi. Ya zauna a zauren mai unguwa, da kotun alƙali, da rumfar mahauta, ya rubuta yadda kowa ke magana, domin dogari da dillaliya ba bakinsu ɗaya ba. Kafin ya sa tsohuwa ta yi wa amarya huɗuba, ya je ya saurari tsohuwar gaske. In labarin na da ne, ya tambayi dattawa abin da ake ci, da abin da ake sawa, da kwana nawa fatake ke yi a hanya.

In ya gama, kada ya yi gaggawar watsa shi a waya babi-babi yadda ake yi yanzu. Ya ajiye shi wata guda, sa'annan ya karanta shi a bayyane a gaban wanda ba ya jin nauyinsa. Inda numfashinsa ya sarƙe, jimlar ce ta yi tsawo. Malaman makaranta kuma su taimaka da ƙa'idar rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa, domin a rubutun yaron nan an kai wa alƙali kara maimakon ƙara.