Littattafan Soyayya da Masu Karanta Su: Me Ake Nema a Labarin da Aka San Ƙarshensa?

Ɗalibin da ya zo nazarin Hausa a jami'a yakan haɗu da ƙagaggun labarai ne ta ƙofar manhaja. A ba shi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a ce ya fito da jigo da salo da zubi da tsari. Amma akwai wata ƙofa da ba ta bi ta aji ba, wadda ta nan ne ɗimbin Hausawa, musamman mata, suka shiga karatun rubutun boko don jin daɗi. Yarinya ce za ta tsinci wani ɗan siririn littafi a ƙarƙashin matashin yayarta, bangonsa ya yage, sau da yawa ma kashi na biyu ne, ta karanta shi a ɓoye, washegari ta shiga neman na ɗaya da na uku a wurin ƙawaye ko a shagon mai ba da haya. Wannan takarda za ta duba abin da irin wannan mai karatu take samu a littattafan soyayya, da dalilin da ya sa take komawa gare su alhali tun daga shafin farko ta san wa zai auri wa.

Asalin lamarin a taƙaice

Soyayya ba baƙuwa ba ce a rubutun zube na Hausa. A cikin littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Jiki Magayi, inda mai kuɗi, Malam Shehu, ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu. Sai dai labarin ya bi Abubakar ne da ramuwarsa, ba a tsaya an saurari Zainabu sosai ba. A 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya sa budurwa Bafulatana a tsakiyar labari tana kare wanda ta zaɓa a gaban danginta. Daga nan ne murya ta fara sauyawa.

Abubuwa biyu suka buɗe kasuwar. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a Nijeriya a 1976 ya yaye matasa masu yawa da suka iya karanta Hausa. Na biyu, taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta karya manyan kamfanonin ɗab'i, sai marubuta suka koma kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko da suka bi wannan hanya. A Kano aka kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jagororinta. Raba labari kashi biyu ko uku dabara ce ta kasuwa: farashi ya sauko, marubuci ya buga na gaba da ribar na baya, mai karatu kuma a bar ta da ƙishirwa. Da kayan 'yan kasuwa littattafan suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da sauran wuraren da Hausawa suke zaune.

Sunan da ya manne musu, wato Adabin Kasuwar Kano, ya fito ne daga bakin masu suka. Ibrahim Malumfashi ya kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana ganin abu ne na yayi da ba zai daɗe ba, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wajen kare su, aka yi ta musayar ra'ayi a jaridu cikin shekarun 1990. A 2007 kuwa har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan taƙaddama an ji malaman jami'a, an ji marubuta, an ji hukuma, amma ba kasafai aka juya aka tambayi masu karatun ba.

Abin da mai karatu take nema

A 1984 wata manazarciya a Amurka, Janice Radway, ta wallafa bincikenta kan wasu matan aure masu karanta littattafan soyayya na Ingilishi. Maimakon ta tsaya kan littattafan kaɗai, sai ta zauna da matan. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta gano shi ne, ɗaukar littafin kansa yana da ma'ana: lokaci ne da mace take ware wa kanta a cikin yinin da ta ƙarar wajen hidimar wasu. Wannan batu ya dace da matar kulle da ta gama aikin rana ta kishingiɗa da littafinta. Amma idan aka wuce nan, kwatancin yana fara rauni, kuma a wurin da ya yi raunin ne ake gane abin da ya keɓanta da na Hausa.

A littattafan Turawa irin na Mills and Boon, ko na Harlequin da masu karatun Faransanci suka sani, abin da yake raba masoya yawanci yana tsakaninsu ne: rashin fahimta, girman kai, wani sirri da ɗayansu ya ɓoye. Da zarar sun fahimci juna, labari ya ƙare. A littafin Hausa kuwa, masoya kan fahimci juna tun a babi na biyu. Matsalar tana waje: uba ya riga ya yi wa abokinsa alkawari, kaka ta kafe kan ɗan'uwa, uwa ta hango dukiyar wani Alhaji. Ke nan tambayar da labarin yake yi ita ce, wa yake da ta cewa a auren yarinya, kuma har zuwa ina? A In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, babu shakka ko kaɗan game da son da Sumayya take yi wa Muhammad. Abin da ya riƙe masu karatu shi ne yadda za ta yi da matsin da ake yi mata ta auri Abdulƙadir mai kuɗi, matsin da ya kai ta ga faɗawa rijiya. Masu suka sun kama wannan fage suka ce koyar da tawaye ne. Sun manta cewa rijiya ta riga littafin shiga zancen auren dole a ƙasar Hausa.

Wannan ya sa za a iya cewa littafin soyayya zaure ne na shari'a. Ana kawo uba ya faɗi hujjarsa, a kawo yarinya ta faɗi tata, a kawo malami ko wata gwaggo mai hankali ta raba gardama. Hujjar tauraruwa kuma da wuya ta zama ta Turawa. Da addini take kare kanta. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan yanki, ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa bisa wasu sharuɗɗa, a gefe guda kuma ga hadisan da suka yi umarni da a nemi izinin budurwa. A tsakanin waɗannan biyu ne marubutan suka kafa rumfarsu. Yarinyar da ba za ta iya ɗaga ido ta dubi mahaifinta ba, balle ta mayar masa da magana, tana karanta wata irinta tana jero hujjoji cikin ladabi, ta durƙusa, tana kuka, amma ba ta janye ba. Ko da ba ta taɓa furta waɗannan kalmomi a gidansu ba, ta dai san akwai su. Sanin ƙarshen labari ba ya rage mata komai, domin tsakiyarsa take bi, wato yadda aka yi gardamar da wanda ya sauko da dalilin saukowarsa.

Bambanci na biyu ya fi na farko girma. Littafin Turawa yakan rufe da ɗaurin aure, na Hausa kuwa sau da yawa a nan yake buɗewa. Bayan biki akwai uwar miji, akwai dangin miji, akwai kishiya. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, tauraruwar ba budurwa ba ce. Rabi ce, uwar 'ya'ya da yawa, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. A Wa Zai Auri Jahila? kuma, Abu ce aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta gudu, ta koma neman ilimi. Da ƙyar za a kira waɗannan labaran soyayya idan ma'aunin Turawa aka ɗauka, amma a teburin mai sayarwa tare suke da sauran, masu karatu kuma ba su ga wani saɓani ba. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubuciyar Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, ta bi wata hanyar: taurarinta mata ne masu ilimi da ibada da tsafta da iya magana, waɗanda suke cin nasara a cikin gidan aure ba tare da sun rushe shi ba. Masu karatunta suna kiran ta Anti Bilki, sunan da ya nuna matsayin da suka ba ta, na babbar 'yar'uwa da ake zuwa wurinta neman shawara.

Harshen so

Ga ɗalibin harshe, a nan ne ribar take. Al'adar Bahaushe ta ɗora zancen so a kan kunya. Saurayi ya zo zance ƙofar gida, budurwa ta fito da ƙawa ko ƙanwa, a yi ta kewaye-kewaye. Matar aure ba ta kama sunan mijinta, sai "maigida" ko "Malam" ko "baban wane". To, marubucin da yake son tauraronsa ya bayyana abin da yake zuciyarsa ƙarara, da wace Hausa zai yi? Dole ya ƙera ta. Wasiƙa ta zama babbar dabara, domin takarda ba ta jin kunya. Kalmomin kuma an ɗebo su daga wurare mabambanta: bege da shauƙi sun daɗe a waƙoƙin yabon Annabi kafin a kai su fagen samari, wasu siffofin sun fito daga waƙoƙin 'yan mata na dandali, wasu fagagen kuma, irin su haɗuwa a lambu ko rashin lafiya saboda rabuwa, suna da ƙamshin finafinan Indiya, waɗanda Brian Larkin ya yi nazarin tasirinsu a wata maƙala a 1997. Ko sunan littafin Ado Gidan Dabino ya isa darasi guda: mene ne bambancin so da ƙauna, kuma me ya sa ake ganin na biyun ya fi na farko zurfi da daɗewa?

Akwai kuma hidimar da littattafan suka yi ba da niyya ba. Wanda ya yi makarantar Faransanci a Nijar, ko ta Ingilishi a Gana, yana jin Hausa amma ba lallai ne an koya masa karanta ta ba. Irin wannan mutum yakan saba da rubutun Hausa ne ta littafin da yake ɗokin sanin ƙarshensa, ya kuma saba da karin harshen Kano a kan hanya. Sai dai malamin da ya koya masa ba ya kiyaye ƙa'ida. Ana haɗe "ya ce" ta koma kalma ɗaya, ana rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, ana zuba aya inda aka ga dama. Shafi ɗaya na irin wannan littafi ya ishi aji aikin gyaran ƙa'idojin rubutu na awa guda.

Inda suka gaza

Kare littattafan ba ya nufin rufe ido. Da yawansu suna sukar auren kuɗi a babin farko, sannan su azurta talakan saurayin kafin babin ƙarshe, ta yadda tauraruwa za ta sami so da mota gaba ɗaya. Hujjar da aka fara da ita ta rushe ke nan. Kyakkyawa kusan kullum fara ce mai dogon hanci da gashi har gadon baya, abin da ba ƙaramar illa yake yi wa yarinyar da take karantawa tana duban madubi ba. Kishiya kuwa, in ba ita ce tauraruwa ba, to muguwa ce mai bin bokaye, mijin da ya haɗa su kuma ya fita da ɗan ƙaramin laifi. A nan ne Alhaki Kuykuyo Ne ya yi wa saura zarra, domin ya ajiye nauyin a kan Alhaji Abdu.

Hasashen cewa abin yayi ne bai tabbata ba, sai dai ya sauya gida. Gidajen rediyo sun riƙa karanta littattafan ga waɗanda ba su iya karatu ba, an mayar da wasu finafinai tun cikin shekarun 1990, an fassara Alhaki zuwa Ingilishi a 2012 aka buga shi a Indiya, a 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata marubuta. Yawancin sababbin labarai a waya ake karanta su, shafi-shafi, ta WhatsApp da Wattpad, mai karatu tana biyan marubuciya kai tsaye tana kuma gaya mata ra'ayinta kafin a rubuta babi na gaba.

Ɗalibin da zai yi bincike kan tsofaffin na takarda zai ci karo da matsala tun a matakin farko. Da yawa ba su ɗauke da shekarar bugu, takardarsu mai arha ce, ɗakunan karatu kuma ba su damu da ajiye su ba a lokacin da suke yayi. Jerin sunayen da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi littattafan 1987 zuwa 2002, shi ne wurin farawa. Sauran kuwa sai a bi akwatunan iyaye mata da na yayye, inda ake yawan samun kashi na ɗaya da na uku, na biyun an ara ba a dawo da shi ba.